Yadda Ake Zama Makaɗin Dabul Bes a Kiɗan Jaz

Dabul bes shi ne babban gogen Turawa da ake kafawa a ƙasa, tsayinsa ya kai na mutum. Tsirkiya huɗu gare shi, ana saita su a kan sautukan da ake kira E, A, D, G, daga mai kauri zuwa siririya. A jaz, wato salon kiɗan da ya samo asali daga baƙaƙen fatar Amurka, da yatsa ake fizgar su, baka sai jefi-jefi.

Ka nemi girman da ake kira 3/4, shi yawancin makaɗa ke riƙewa. Na katakon da aka manna falle-falle ya fi araha, ya kuma fi jure yawo. Na sassaƙaƙƙen katako ya fi daɗin sauti, amma yana son danshin iska tsakanin kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari. In bushewa ta yi yawa, irin ta hunturu, sai ya tsage. Kada ka taɓa kwance tsirkiyoyin gaba ɗaya. Akwai ɗan sanda a cikinsa da ke tokare da gaba da baya, nauyin tsirkiya ne ke riƙe shi. Da ya faɗi sai mai gyara. Ɗaya-ɗaya ake canza tsirkiyoyin, kana duba jakin da suke hawa a kai kada ya karkata.

Wuyan bes ba shi da layukan da ke nuna inda za a danna, kunne ne jagora. A can saman wuya, inda sautuka masu kauri suke, ana danna da manuni, na tsakiya da ƙaramin yatsa, kamar yadda tsarin Simandl, wani tsohon malamin bes, ya koyar. Ka ware minti 20 kullum kana jan baka a hankali, domin baka ba ta ɓoye kuskuren sauti. Hannun dama kuwa, da gefen manuni ake ja, nauyin hannu ya yi aikin. Mai ja da kan yatsa sautinsa siriri ne. Bororo zai fito a makonnin farko. Rage lokacin atisaye har kanta ta zauna.

Abin da ake ɗaukar mai bes dominsa shi ne riƙe lokaci. Sauti huɗu yake bugawa a kowace gaɓa, wato ƙaramin yankin da ake auna kiɗa da shi, kamar takun mai tafiya, kuma a kansa mai ganga da mai fiyano ke jingina. Kunna metronom, na'urar da ke ƙirga lokaci, ya riƙa bugawa a kan sauti na 2 da na 4, ka bi zagayen salon kiɗan bulus mai gaɓa 12 a dukkan makullai 12, wato matakan sautin da ake ɗora waƙa a kansu. Naɗi kanka a waya ka saurara. Yawancin masu koyo gudu suke ƙarawa idan wuri ya yi wuya, ba su sani ba.

Sai kwaikwayon magabata da kunne: Jimmy Blanton, wanda ya shiga ƙungiyar Duke Ellington a 1939 ya sauya matsayin bes, da Ray Brown, da Paul Chambers. Ron Carter ya shiga kundin Guinness a 2015 da naɗi sama da 2,200.

Makarantu irin Juilliard a New York da Berklee a Boston na koyarwa, amma aiki daga bakin abokan sana'a yake zuwa, a zaman kiɗan dare inda kowa ke hawa ya gwada. Ka je da wuri, da ƙaramin amfilifaya, wato akwatin ƙara sauti, da waƙoƙin da ka haddace. Kada ka ƙure ƙara. In ta yi yawa sautin katako ya ɓace, akwatin ya kama kuka.