Kurakuran da masu sayen tsohon agogon aljihu suka fi yi

Wanda ya fi ci min rai shi ne mutum ya samu agogon da ya yi shekara da shekaru a akwati, kawai ya hau yi masa wani, wato murɗa kansa, yana murna wai ai yana tafiya. Man cikinsa ya bushe tuntuni, ƙarfe ne ke cin ƙarfe. Ka kai wa mai gyara wanda ya san agogon da ake yi wa wani, ba mai canza batir ba, ya kwance injin ya wanke ya sa masa man agogo. Don Allah kar ka ɗiga masa man keken ɗinki ko man feshin nan WD-40, ƙurar hunturu na shiga sai ya daskare.

Sai batun lamba. Mutane na karanta lambar da ke jikin murfi su ce sun gano shekarar agogo, alhali a Amurka kamfanoni irin su Waltham da Elgin da Hamilton inji suke ƙerawa, gidan kuma wasu ne daban ke yi, sau da yawa a kanti ake haɗa su, to lambar da aka zana a jikin injin ita za ka duba. In kuma ka ga an rubuta garantin shekara 20 ko 25 a cikin murfi, ba zinare zalla ba ne, tagulla ce aka lulluɓe da zinare, kar ka biya kuɗin gwal.

Wasu kuma su yi ta finciko kan agogon da ƙarfi don saita lokaci har su karya shi. Bayan hatsarin jirgin ƙasa na Kipton a Ohio a 1891 aka tsananta ƙa'idar agogon ma'aikatan reluwe, shi ya sa yawancinsu sai ka cire zoben gilashin gaba ka jawo wani ɗan ƙarfe a gefen fuskar kafin hannayen su juya, an yi haka ne don kar lokaci ya goce a aljihu. In kan agogon ya ƙi fitowa ka duba wannan tukuna.

Goge-goge ma ɓarna ne wallahi, a garin sa shi ƙyalli ake cinye zanen murfi da hatimin azurfa, farashi ya faɗi. Kar ka ajiye shi kusa da sifika, maganaɗisu na sa shi gudu. Wanda lambobin fuskarsa ke da fenti mai haske da dare kuwa kar ka kankare, tsofaffin da radiyam aka yi su, wani sinadari mai fitar da radiyeshin, shaƙar ƙurarsa na da illa sosai.