Yadda ake kula da macen ɓera mai jego da 'ya'yanta

A Amurka da Turai, masu ajiye macizai a gida, musamman ƙaramar mesar nan da asalinta Yammaci da Tsakiyar Afirka ne, da yawansu da kansu suke kiwon fararen ɓerayen da za su ciyar da su. A wajenmu kuwa gidajen zoo da ɗakunan binciken jami'o'i ne suka fi neman irin waɗannan ɓeraye. Ko don me kake kiwon, yawancin asara a makon farko na haihuwa ake tafka ta, kuma yawan taɓe-taɓen mai kiwon na iya jawo ta.

Aikin yana farawa tun kafin haihuwa. Cikin babban nau'in farin ɓera, wanda shi muke magana a kai, kwana 21 ne zuwa 23, don haka rubuta ranar da ka haɗa ta da namiji. Da ka ga ciki ya fito ta gefe da gefe, cire namijin. Kada ka yi sakaci da wannan, domin tana iya sake ɗaukar ciki kwana ɗaya ko biyu bayan ta haihu. Kwanika ke nan, ga goyo ga ciki, kuma ba abin da ke ƙarar da uwa da wuri kamarsa.

Sai ka shirya mata ɗakin jego. Babbar roba mai murfin waya ta isa, muddin ramukan wayar ba su wuce santimita 1 ba. Zuba ɓawon katako busasshe marar ƙamshi, ban da garin katako mai laushi da ke shiga huhu. Ka ba ta yagaggiyar takarda ko tishu, ita za ta gina sheƙarta da kanta. Auduga da tsumma mai zare kuwa ka nisanta su, zare ɗaya kan naɗe ƙafar jariri har ta mutu. Ka gama shirin nan kwana biyu kafin ranar haihuwa.

Ranar haihuwa ba ka da aikin yi. Tana haifo su ɗaya bayan ɗaya, ta lashe kowanne, ta cinye mabiyiya. Yawanci takan haifi 8 zuwa 12, nononta kuma 12 ne. Jajaye suke fitowa, ba gashi, ido da kunne a rufe, kowanne bai wuce giram 5 ko 6 ba. Ka rufe gefen robar da zane, ka hana yara leƙe, ka tafi abinka.

Washegari ne za ka duba, shi ma a gurguje. Ja hankalin uwar gefe da ɗan dafaffen ƙwai, ka murza hannunka cikin shimfiɗarta don ƙanshinta ya kama ka, sannan ka ɗaga jariri ɗaya ka kalli cikinsa. Fatar sirara ce ƙwarai, har za ka hango wani farin tabo a cikin tumbin. Nono ne. In ka gan shi, hankalinka ya kwanta, suna sha. Wanda ya mutu ka cire shi, ka mayar da takarda yadda ka same ta.

Mutane kan ce ɓera mugu ne, yana cin 'ya'yansa. Ni ban ɗauke shi mugunta ba. In ka bi diddigi za ka tarar ko ruwa ne ya ƙare da dare, ko abincin ba ya gina jiki, ko an firgita ta, ko kuma jaririn ya riga ya mutu ta kawar da shi. Mai shayar da goma tana cin ninkin abin da ta saba, wani lokaci fiye. Kada mazubin abincinta ya bushe: abincin kaji mai ƙwaya-ƙwaya, a ƙara da ƙwai, busasshen kifi ko dafaffen waken suya. Gyaɗar da ta yi fumfuna guba ce. Ruwa kuma a gora mai bututu, ka taɓa bakin bututun safe da yamma ka tabbatar yana ɗiga. Kwano bai dace ba, jarirai na faɗawa ciki.

Yanayinmu ma abin lura ne. Ɓera ba ya gumi kamar mutum, ya fi jin daɗi tsakanin digiri 20 da 26, zafin bazara a ɗakin kwano kuwa yana kashe shi. Nemi wuri mai inuwa da iska, ka jingina gorar ruwan sanyi a jikin robar. Da hunturu ka ƙara takarda, tunda tsirara suke. Ƙafafun teburin da ka ɗora robar a kai kuma a tsoma su cikin gwangwanin ruwa saboda cinnaka da kwarkwasa. Ɓeran gida ko na daji kada ya kusanci wurin, kada kuma ka kamo shi ka haɗa iri, ta wajen ɓeran daji ake ɗaukar zazzaɓin Lassa. Wanke hannu da sabulu bayan kowane aiki.

A makon farko kusurwar fitsari kaɗai za ka kwashe. Wajen kwana 10 gashi ya rufe su, a kwana 14 ido ya buɗe, su fara gutsurar abincin uwa. Daga kwana 21 zuwa 28 ake yaye, kafin mako 5 kuma ka raba maza da mata.

In za ka ɗebi jarirai don ciyarwa, kada ka kwashe su duka rana ɗaya, nono zai cika ya dame ta, ta yi ta tonon shimfiɗa tana nemansu. Ɗebi kaɗan ka bar mata saura. Wanda za a bai wa maciji a kashe shi da gaggawa ba tare da azabtarwa ba, rai ne a hannunka, babban ɓera mai rai kuma yana iya cizon macijin. Bayan yaye, bar uwar ta huta mako biyu ko uku, ta mayar da jikinta kafin ka sake kai ta wajen namiji.