Yadda Ake Aiki da Ƙaramar Na'urar Sikanin a Ɗakin Haihuwa

Ƙananan na'urorin sikanin irin su Butterfly iQ, Vscan da Lumify, waɗanda ake haɗawa da waya ko ƙaramar kwamfutar hannu, sun kawo hoton ciki har bakin gadon mai naƙuda. Amma a ɗakin haihuwa ba cikakken binciken surar jariri ake yi ba. Tambayoyi ne kaɗan masu gajeriyar amsa: yana da rai? Nawa ne? Da me ya zo? Ina mabiyiya take? Ruwa ya isa? Wadda ta samu horo za ta iya amsa su cikin mintuna kaɗan.

Fara da shiri. A duba caji tun farkon aiki, domin waɗannan na'urori suna yin zafi, wasu har su tsaya da kansu idan an daɗe ana dubawa. A zaɓi tsarin duba mai ciki a manhajar. Idan na'urar mai kawuna da yawa ce, a ɗauki mai lanƙwasar baki, mai aiki tsakanin megahaz 2 zuwa 5. Matar ta kwanta an ɗan karkatar da ita hagu da matashi. Idan ta daɗe a rigingine, nauyin mahaifa yana danne babbar jijiyar da ke mayar da jini zuciya, sai jiri ya kama ta, jinin da ke zuwa wa jariri ya ragu. A gaya mata abin da za a yi, a rufe mata jiki, a duba a tsakanin ciwo da ciwo.

Alamar da ke gefen na'urar ta kalli ɓangaren dama na matar. Wannan ƙaramin abu shi ya fi jawo kuskure, don idan aka juya ta, hagu ya koma dama a allo.

A ɗora na'urar a gicciye daidai saman ƙashin mara. Idan aka ga farin da'ira mai kauri, ƙoƙon kai ne, jariri ya zo da kai. Idan babu, a nemi kan a saman ciki, wato ya zo ta ɗuwawu, ko a gefe, wato ya gicciye. Daga nan a bi zuwa ƙirji a ga zuciya. Daidai shi ne bugu 110 zuwa 160 a minti ɗaya. Kada a ce da uwa ɗanta ya rasu sai an ga zuciyar sarai an zuba mata ido babu motsi, kuma in da hali wani ma'aikacin ya sake dubawa.

Wajen neman tagwaye, a shafi cikin daga mara zuwa sama a layi uku: dama, tsakiya, hagu, na'urar na tsaye ba a karkace ba. Mai karkata hannu kan ga kai ɗaya sau biyu. Hujja ita ce kawuna biyu da zukata biyu, kowace a jikinta.

Batun mabiyiya shi ya fi cancantar natsuwa. Duk matar da ta zo da zubar jini a ƙarshen ciki, ba a sa mata yatsa ta gaba sai an san inda mabiyiya take, domin idan ta rufe bakin mahaifa, yatsa ɗaya kan ɓalle jinin da ba za a iya tarewa ba. A juya na'urar bisa tsawon ciki a kan mara, a nemi ƙarshen mabiyiya na ƙasa. Idan ta rufe bakin mahaifa, haihuwa sai ta tiyata. Idan tazarar da ke tsakaninta da bakin mahaifa ba ta kai santimita 2 ba, likita ne zai yanke shawara a inda ake da jini da ɗakin tiyata. Mafitsarar da ta cika maƙil tana matse ƙasan mahaifa, ta sa a ga kamar mabiyiya ta sauko. Kan jariri kuma yana ɓoye wadda ke bangon mahaifa na baya. Abu mafi haɗari: sikanin yakan kasa nuna mabiyiyar da ta ɓanɓare. Ciki mai tauri kamar katako, da ciwo marar yankewa, sun isa a ɗauki mataki ko hoto bai nuna komai ba.

Ruwa kuwa, a auna zurfin aljihun ruwa mafi girma wanda babu igiyar cibiya ko gaɓar jariri a ciki. Ƙasa da santimita 2 ya yi kaɗan, sama da 8 ya yi yawa. Danna ciki da ƙarfi yana rage awon.

Idan naƙuda ta ƙi ci gaba, ko za a sa na'urar zuƙo kai, sikanin ya fi yatsa gane inda ƙeya take, musamman in kan ya kumbura. Ganin ramukan idanu suna kallon sama yana nufin ƙeya na wajen bayan uwa. Don auna saukowar kai, matar ta yi fitsari, a zuba jel cikin safar hannu mai tsafta, a sa na'urar a ciki, a ƙara jel a waje, a ɗora a tsaye a bakin gaba. A kan hoton, a ja layi bisa tsawon ƙashin mara, wani kuma daga ƙarshensa na ƙasa zuwa gefen ƙoƙon kai. Kusurwar tsakanin layukan biyu da ta kai digiri 120 ko fiye alama ce mai kyau ta haihuwa da kanta. Wannan awon yana buƙatar horo na musamman.

Kada a dogara da nauyin da na'ura ta ƙiyasta a wannan lokaci, yakan kauce da kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari. Haka lissafin watanni a ƙarshen ciki yakan kauce da kusan mako uku.

Bayan kowace mace, a goge jel, a tsaftace na'urar da maganin da kamfanin ya amince da shi, don wasu sinadaran suna fasa fatar bakinta. A rubuta abin da aka gani da lokacin a katin naƙuda, kuma idan za a tura ta babban asibiti, bayanin ya tafi tare da ita.