Kurakuran riƙon sandar golf da yadda ake gyara su

Idan ƙwallo ta karkace, mai koyo yakan ɗora laifin kan tsayuwarsa, alhali sau da yawa daga hannu ɓarnar ta fara. Bayanin nan na mai bugu da dama ne, bahago sai ya juya shi.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne dunƙule sandar a tsakiyar tafin hagu kamar ƙotar fartanya. Wuyan hannu ba ya samun lanƙwasa, ƙwallo kuma ba ta nisa. Alamarsa, safar hannu tana saurin hujewa a gindin tafi. Gyaransa shi ne mariƙin sandar ya ratsa a karkace daga gindin ƙaramin yatsa zuwa gaɓar tsakiyar manuniya, tudun tafi ya hau kansa, a bar kamar santimita 1 na ƙarshen sandar a waje.

Daga nan ka leƙa bayan hannun hagu. Ƙashin gindin yatsu biyu, ko biyu da rabi, ya kamata ka gani. In ɗaya kake gani, fuskar sanda, wato gefen da ke bugun ƙwallo, za ta iso a buɗe, ƙwallo ta lanƙwasa dama. In huɗu ne, za ta rufe, ƙwallo ta tsere hagu. Tsagar da ke tsakanin babban yatsa da manuniya, a hannu biyun, ta nuna tsakanin haɓa da kafaɗar dama. A nan ya kamata a fi ɓata lokaci, domin hannun dama bin na hagu yake yi.

Haɗa hannayen iri uku ne. Ko ƙaramin yatsan dama ya hau tsakanin manuniya da yatsan tsakiya na hagu, riƙon da tsohon gwanin golf Harry Vardon ya yaɗa. Ko ya sarƙe da manuniyar, irin na gwanayen golf Jack Nicklaus da Tiger Woods. Ko yatsu goma duk su kama, wanda ya fi sauƙi ga yara. Kowanne yana aiki. Matsalar ita ce barin rata tsakanin hannayen, ko sarƙe yatsu har can gindi, abin da ke tura sandar cikin tafi.

Sai matsewa. In ka auna ƙarfin riƙo daga 1 zuwa 10, tsaya wajen 4 ko 5. In jijiyoyin damtse sun tashi, ka wuce. Sau da yawa santsin robar mariƙi ke sa haka, musamman da ƙurar hunturu da gumi. Wanke ta da sabulu da ruwan ɗumi, in ta yi sheƙi ta taurare a canza ta.