Kurakuran da aka fi yi a tseren motocin Most Wanted

Need for Speed: Most Wanted ya fito tun 2005 daga kamfanin EA, amma har yau in ka leƙa ɗakunan wasa na Bukoki ko Wadata a nan Yamai, da wuya ka rasa yaro riƙe da manet ɗin PlayStation 2, ƴan sandan Rockport, garin da ke cikin wasan, na biye da shi. Wasan ya tsufa, kurakuran kuwa suna nan yadda suke.

Babban cikinsu shi ne ƙone nitro, wato iskar da ke ƙara wa mota gudu na ɗan lokaci, tun daga tashi. Wasan nan yana da wani aibi da ya kamata kowa ya sani: kwamfuta tana ƙara wa abokan tsere gudu in ka yi musu nisa, tana kuma rage musu in sun bar ka baya. Don haka ratar da ka ba su a zagayen farko ba taka ba ce, aro ce. Earl, mai mota Lancer Evolution, na 9 a Blacklist, wato jerin gwanayen tsere 15 da sai ka kayar ɗaya bayan ɗaya, ya sa da yawa sun yi jifa da manet saboda wannan. Ka bar nitro sai ka fito daga kwana, ko bayan ka yi karo kana neman tashi, ka kuma ajiye wani abu don miƙaƙƙen titin ƙarshe. Yana cika da kansa in kana gudu, ba sai ka yi rowa ba, lissafi kawai yake so.

Sai masu ganin taka birki abin kunya ne. Su shiga kwana a guje, su daki bango, motoci uku su wuce. Akwai maɓallin Speedbreaker da ke rage gudun lokaci, motar ta ƙara kama ƙasa. Ɗan taɓawa a kwana mai kaifi ya isa.

Inda wasan ya fi daɗi, wato guje wa ƴan sanda, nan ne kuma aka fi asara. Kwaɗayi ke jawo ta. Yaro ya tara maki masu yawa, maimakon ya ɓace sai ya ce bari ya ƙara kaɗan, har zafin farautar ya kai mataki na 4, a fara shimfiɗa ƙusoshi a titi, jirgi mai saukar ungulu na shawagi a sama. Tayoyi suka fashe, magana ta ƙare: an kama ka, makin wannan gudun duk sun tafi, an kuma yi wa motarka shaida. Shaida uku, sai a ƙwace ta. Tun kafin abin ya yi zafi ka san inda jajayen alamomi masu kusurwa uku suke a taswira, gidan mai ne ko tankin ruwa, ka rusa shi a kan masu bin ka, sannan ka nufi maɓoya. In an tare hanya da motoci, daki bayan motar, ba gabanta ba, don a gaba injin yake. Kuma kada ka riƙa fita da mota ɗaya kullum. Canza mata fenti yana rage zafinta, ajiye ta a gareji ka ɗauki wata ma haka.

Bayan ka kayar da ɗaya daga cikin mutum 15 na Blacklist, ana ba ka zaɓin alamomin kyauta biyu cikin shida. Yawanci ana rugawa ga kayan ado. A ganina gara ka gwada sa'a a kan ukun da ke rufe, domin takardar motar wanda ka kayar tana cikinsu, kuma motar ta zo da gyaranta, ba ka biya ko dala ba. Kuɗin da ke hannunka kuma ka fara zuba su a inji, giya da tayoyi. Sitika ba ta ƙara gudu.

Wasan yana gajiyarwa daga tsakiya, wannan gaskiya ne. Kullum rana ce, babu dare, labarin Razor, na 1 a Blacklist, da motarka BMW M3 GTR da ya ƙwace bai da zurfi, kuma kafin ka kai gare shi sai ka yi ta maimaita farauta iri ɗaya. Masu gaggawa nan suke watsar da shi. Gara ka riƙa cakuɗa tsere da farauta, maimakon ka tara farautar duka a ƙarshe.

Wanda ke wasa a ɗakin haya ya zo da katin ajiyarsa, ya kuma duba an adana bayan kowace nasara. A watan Afrilu, lokacin da zafi ya kai maƙura, wuta na iya ɗaukewa kana tsakiyar tsere da na 3, kuma mai ɗakin ba zai mayar maka da kuɗin awarka ba.