Yadda ake tsabtace gida da jinyar mai norovirus

Norovirus ƙwayar cuta ce mai kawo amai da zawo farat ɗaya, awa 12 zuwa 48 bayan ta shiga jiki, kuma yawanci cikin kwana 1 zuwa 3 ta saki mutum. Jinyarta ba wuya. Inda na ga mutane suna faɗuwa shi ne wajen kwashe amai: uwar gida ta sa tsumma da ruwan Dettol ta goge, wuri ya yi ƙamshi, kwana biyu gida duka ya kwanta.

Da farko a fitar da yara daga ɗakin, a buɗe taga. Mai kwashewa ya sa safar hannu ta roba, in babu ya zura hannu cikin leda, ya rufe hanci da baki. Kada a sa tsintsiya, watsa ƙwayar take yi. A rufe aman da takarda ko tsumman da za a yar, toka ma tana shanye shi, a kwashe cikin leda a ƙulle. A wanke wurin da ruwa da sabulu tukuna, domin datti yana kashe ƙarfin bilic.

Sai bilic ɗin, irin su Jik ko Hypo. Duba jikin roba. In an rubuta 3.5%, to inda amai ko zawo ya taɓa ana haɗa gwangwani 1 na bilic da gwangwani 6 na ruwa. Na hannun ƙofa, famfo, makunnin wuta da buta kuwa, cokalin cin abinci 2 a lita 1 ya isa. Buta ce aka fi mantawa, alhali kowa sai ya ɗauke ta. Ni a wurina mara lafiya ya samu tasa daban, da kofinsa, ba jayayya.

Nan ne gaggawa ke ɓata aiki. Ana zubawa ana gogewa, to an yi asarar kuɗin bilic. A jiƙa wurin sosai, a wuce iyakar aman da 'yan taku domin yana fantsama, a bar shi a jiƙe aƙalla minti 5 kafin a ɗauraye. Kullum a haɗa sabo, na jiya ya sane. Kuma kada a gauraya shi da wani maganin wanke masai, hayaƙin guba ne. Tabarmar roba ta sha bilic. Katifa da kafet ba sa ɗauka, sai sabulu da ruwan zafi sosai, shi ya sa shimfiɗa leda tun farko ya fi arha. Zanin gado kada a kakkaɓe, a naɗe a wanke da ruwan zafi.

Man goge hannu mai barasa ba ya yi wa wannan ƙwaya abin kirki. Sabulu da ruwa, daƙiƙa 20.

Shi mara lafiya ruwa yake buƙata. ORS, wato garin gishiri da sukari na kemis, ƙulli 1 a lita 1 ta tafasasshen ruwan da ya huce. In babu, ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita 1. Kurɓi-kurɓi, in ya yi amai a jira minti 10 a ci gaba. Jariri ya ci gaba da shan nono. Flagyl da kafso na kemis ba su da tasiri a kan wannan ƙwaya, ka riƙe kuɗinka. In ciki ya lafa, koko ko farar shinkafa.

Fitsari ya ɗauke, ido ya faɗa, jini a bayan gida, ko zawo fari kamar ruwan shinkafa, wannan na asibiti ne nan take, farin zawon ma yana iya zama kwalara. Wanda ya warke kada ya dafa wa kowa abinci sai bayan kwana 2, kuma ƙwayar tana fita a bayan gidansa har mako 2 ko fiye, saboda haka bilic a masai bai ƙare ba.