Yadda Ake Kwatanta Ƙwazon Aiki Tsakanin Ƙasashe

A majalisun unguwannin Aboabo da Asawase da ke Kumasi a Gana, musu kan tashi a kan wace al'umma ce ta fi ƙwazo, musamman idan wani ya dawo daga Jamus ko Amurka da labarai. Mai son yin wannan kwatanci bisa adalci sai ya raba tambayoyi biyu da ake yawan cakuɗawa: awa nawa mutum ya yi a bakin aiki, kuma me awa ɗayar ta samar.

Ka fara da awoyin shekara, domin na mako ba sa nuna hutun da ake ɗauka. Alƙaluman ƙungiyar haɗin kan tattalin arziki ta ƙasashe, OECD, sun nuna cewa ma'aikaci a Meziko yana yin kimanin awa 2,200 a shekara, na Amurka kimanin 1,800, na Jamus kuwa bai kai 1,400 ba. Sai dai yawan masu aikin rabin yini a Jamus yana cikin abin da ya ja adadin ƙasa.

Daga nan ka raba darajar duk abin da ƙasa ta samar a shekara da jimillar awoyin da aka yi, kuma a nan ne Jamus take yi wa Meziko fintinkau. Kada ka juya kuɗin da farashin canji na ranar, domin faɗuwar sidi, kuɗin Gana, a kan dala ba ta rage yawan rigunan da tela ya ɗinka ba. Ka yi amfani da ma'aunin da ke duba abin da kuɗi ke iya saya a kowace ƙasa. Ka yi hattara da Ayalan, inda ribar manyan kamfanonin waje ke kumbura lissafi, haka kuma Norwe saboda man fetur.

Doka daban, abin da ake yi daban. Dokar ƙwadago ta Gana ta 2003 ta ƙayyade awa 40 a mako, Faransa ta koma awa 35 a 2000, Koriya ta Kudu kuma ta rage iyakarta daga 68 zuwa 52 a 2018. To amma mai shago a kasuwar Kejetia ta Kumasi ba ruwansa da awa 40, kuma mafi yawan ma'aikatan Gana suna sana'o'in da ba sa shiga rajista, abin da ke sa ƙidaya awoyinsu ya yi wuya.

Batun halayya shi ne mafi santsi, kuma a ganina nan aka fi zaluntar mutane. Kafin ka ce wata al'umma malalaciya ce, ka kwatanta sana'a ɗaya da irinta. Ka ɗauki bakanike a Suame Magazine, matattarar makanikai ta Kumasi, da takwaransa na Jamus, ka duba injinan da kowannensu ke da su, da sau nawa wuta ke ɗaukewa, da kwanakin jiran kayan gyara, da kuɗin ruwan da banki ke ɗora wa mai neman rancen sayen inji. Gibin da ya saura bayan an cire waɗannan, shi kaɗai za a iya danganta shi da halin ma'aikaci.